Hoton Kan Goggo, Sau Huɗu

Yau da safe na fito daga shagon aski da rabin kai. Ba wuta aka ɗauke ba. Mai askin ne ya kai tsakiyar kaina ya kashe inji, ya sunkuya ƙarƙashin teburin madubi ya jawo wani ƙaton ambulan, ya zaro baƙin fim ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa.

"Injiniya, duba min nan. Wannan fari-farin na gefe, mene ne?"

Na ce, "Ƙirjin wane ne?"

"Nawa mana. Na wani zan ajiye a shagona?"

Na ce ban sani ba. Ya ce in ƙara dubawa. Na ce ko wuni zan yi a kai, ban sani ba. Ya ce to shekara bakwai ɗin da na yi a ƙasar waje, me na je yi? Kafin in ba shi amsa, mutum ukun da ke jiran layi sun taso sun kewaye mu. Na farko ya ce hayaƙin janareta ne. Na biyu ya ce fim ɗin a kife yake. Aka juya shi, farin ya koma ɗaya gefen, ya ce to kun gani, abin yawo yake yi. Na ukun ya ce ya taɓa ganin irinsa a na surukinsa, daga nan ya ja bakinsa ya yi shiru. Na dubi hannun mai askin na ga yana rawa. Ban yarda hannu mai rawa ya matso kunnena da inji ba. Na kifa hula na fito.

Ga waɗanda ba su san ni ba, magudanan ruwa na karanta. Kwata, in an taƙaita. A gabana 'yan unguwa Injiniya suke ce min, in na ba da baya su ƙarasa sunan: Injiniyan Kwata. Amma a ganinsu duk wanda ya hau jirgi ya je karatu dole ya iya karanta duk abin da aka ɗaga masa. Ban ga laifinsu ba. A layinmu da wuya ka shiga gidan da babu irin wannan ambulan a saman durowa ko a ƙarƙashin katifa. Kowa ya ga cikin jikinsa da idonsa, ba wanda ya san abin da ya gani.

Bari in fara da yabo, kada a ce zaman waje ya cire min godiya. Da aka ce an kawo wa babban asibitinmu na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki, na gyara zama ina jiran labarin da muka saba ji: ƙofa ta yi ƙanƙanta, wata waya ba ta iso ba, wanda ya iya kunnawa ya yi ritaya. Na sha kunya. Na'urorin suna aiki. Ɗakin da sanyi, daɓen yana sheƙi, janaretansu daban. Mai Girma Mai Almakashi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, sau ɗaya tak ya zo ya yanka ƙyallen buɗewa. Hoton kuma kyauta ne. Ka zo da takardar likita, ka zauna, kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai an kira ka. Sun yi ƙoƙari. Na rubuta, a adana.

Abu ɗaya aka manta. Hoto ba ya magana. Sai wani ya zauna ya dube shi, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu, ya buga hatimi. Mai yin wannan aiki a duk asibitin mutum ɗaya ce, wata likita da na yi wata huɗu ina jin labarinta kafin in ga fuskarta.

Ta dalilin goggona na san wannan. Ƙanwar mahaifina ce, tela, shekara talatin tana ɗinkin kayan makaranta a wani ɗan shago mai taga ɗaya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa. Keken ɗinkin nan shi ne abincinta, shi ne abokin hirarta. Abin ya fara ne da tef ɗin awo. Ta zargi maƙwabciyarta mai sayar da zare da ɗauke mata shi, har suka yi kwana biyu ba sa gaisawa. Tef ɗin yana nan a kan teburi, kusa da gwiwar hannunta na hagu. Sai ta fara bugun ƙofa da kafaɗar hagu. Sai ciwon kai.

Na kai ta wurin likitan ido. Ya haska, ya rufe wannan ya buɗe wancan, ya ce idon lafiyarsa ƙalau, wani abu ne daga baya yake danne jijiya. In an cire shi da wuri, gani zai tsaya inda yake. In an bar shi, na hagu zai tafi, na dama ya bi bayansa. Likitan tiyata sau ɗaya yake zuwa a wata, kuma ba ya sa sunan kowa a jerinsa sai da hoton kai da sakamako mai hatimi.

Goggo ta ce, "Da wurin nan, yaushe ke nan?"

Ya ce, "Jiya, Mama."

Washegari muna ɗakin hoto. Mai ɗaukar hoton dogo ne, marar fara'a, marar faɗa. Masu zaman benci Kar-a-motsa suke ce masa, don ba wanda ya taɓa jin wata magana daga bakinsa ban da wannan. Na'urar ƙaton zobe ce fara, da gado mai shiga cikinta da kansa. Goggo ta cire 'yan kunne ta damƙa min, ta dubi zoben sama da ƙasa.

"In abin nan ya haɗiye ni, kekena kada ka ba mai zare."

"To, Goggo."

"Ko aro."

"Kar a motsa," in ji Kar-a-motsa.

Minti goma aka gama. Aka ba mu kwafinmu a ambulan, aka ce sakamako a taga ta uku. Na fito ina jin daɗin garinmu har cikin raina. Goggo ta ce in daina murmushi kamar ni na ƙera na'urar.

Mai taga ta uku mutum ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Duk Talata ina zuwa, duk Talata ya duba, ya ce, "Bai fito ba, yallaɓai." Sau huɗu. A zuwa na biyar ya sauya magana.

"Ya tsufa, yallaɓai."

"Me ya tsufa?"

"Hoton. Ya wuce kwana talatin. Ciwo yana canjawa, ba a tiyata da tsohon hoto. Ƙa'ida ce."

"Ƙa'idar tana da kyau. To me aka gani a ciki?"

"Ba a kai kansa ba."

"A karanta shi yanzu mana."

Ya dube ni da tausayi. "Likita ba ta samu lokacin sabo ba, sai tsoho?" Ya turo min wata 'yar takarda. "Ku koma a ɗauki wani. Kyauta ne."

Wannan kalma ta kashe bakin mutane da yawa a kan bencin nan. Ta yaya za ka ɗaga murya a kan abin da aka ba ka kyauta, cikin ɗaki mai sanyi, ba tare da an daka maka tsawa ba? Sai ka yi godiya ka koma layi.

Aka sake ɗaukar kan Goggo. Ni kuma na zauna a benci na yi aikin da na iya. Na'urorin sukan zubo hoto ɗari a rana. Likitar, in ta zauna tun safe ba ta ɗaga kai ba, takan karanta talatin. Amma ba kullum take zama ba. Litinin tana kwamitin tsabta. Laraba tana kwamitin tarbar baƙi. Alhamis tana kwamitin haɗa rahoton yawan hotunan da aka ɗauka. A sauran kwana biyun, masu hatsarin mota ne ke fara shiga, wannan daidai ne. Sai masu 'yar takarda daga sama, wannan ma an ce daidai ne. Abin da ya rage shi ne rabon 'yan benci. Ni ba likita ba ne, amma nan an shigo fagena. Ka haɗa babban bututu da ƙarami ka saki ruwa. Ruwan ba ya ɓacewa. Baya yake dawowa, ya shiga ɗakunan mutane.

Hoto na biyu ma ya tsufa. Na kwashi ambulan biyu na koma wurin likitan ido. Ya ɗaga na farko, ya ɗaga na biyu, ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Likita, ka ga wani abu."

Ya ce, "Idona ya gani. Hatimina ne ba ya shiga wannan takarda. In na rubuta, a teburin tiyata za su dawo muku da ita, ku kuma kun rasa wani mako." Ya ce ya yi magana a taro sau uku. An sa shi a kwamiti.

Sai na yi abin da masu ilimi irina suke yi in sun rasa abin yi. Na rubuta wasiƙa. Shafi uku, har da zanen bututu. Bayan kwana goma aka kira ni ofishin Ranka-ya-daɗe Babban Mai Kula da Alƙaluma, a hawa na sama. Mutum ne mai sakin fuska. Ya ba ni kujera, ya yaba zanena, ya ce irinmu ake so su dawo gida. A bayansa akwai allo da jan layi yana hawa kamar zai fasa rufi.

"Ka ga wannan? Dubu takwas da ɗari biyu. Mutum dubu takwas da ɗari biyu, Injiniya, cikin wata huɗu."

"Hoto ko mutum, ranka ya daɗe?"

"Kowane hoto ai na mutum ne."

"Goggona tana ciki sau biyu. Jibi za ta zama uku."

"Madalla. Ka ga tana amfana."

Na tambaye shi ina allon waɗanda aka karanta. Ya jawo durowa ya fito da fom ɗin da ake aiko musu daga sama duk wata, ya shimfiɗa min. Akwai gurbin yawan hotuna. Akwai gurbin kwanakin da na'ura ta yi aiki. Akwai gurbin man janareta. Ya bi da yatsa har ƙasa, ya juya baya, ya ɗago ya dube ni kamar mai neman in taya shi shaida.

"Ka gani? Babu gurbinsa. In na cika abin da ba a tambaye ni ba, ai na yi shisshigi."

Ya rako ni har bakin matakala. Daga baya na ji an sa wasiƙata a rahoton wata, ƙarƙashin sha'awar da jama'a ke nunawa.

Aka ɗauki na uku. Ana tsakiyar jiransa, wata safiya na biya shagon Goggo. Tana kan keke. Ta tsayar da ƙafa ta ce, "Zo nan, ɗan yayana. Rufe min idon dama da hannunka."

Na rufe.

"Ka tsaya a gaban tagar ne?"

"A'a, Goggo. Ina bayanki."

Ta mayar da ƙafa kan keke. "To. Ɗauke hannunka, ina da wando goma sha biyu."

Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Saura ido ɗaya, shi ma ta ce gefensa ya fara hazo. Hoto na ukun ma ya tsufa a ranar da aka yi masa alkawari.

Ranar da muka je ɗaukar na huɗu, Kar-a-motsa ya karɓi takardar, ya dubi Goggo, ya ga yadda take juyo da kai gaba ɗaya don ta gan shi. Ya ja ni gefe. A karo na farko na ji yana da sauran kalmomi.

"Kada a ɗauka yau. Ranar Alhamis Mai Girma zai zo bikin hoto na dubu goma. An ce in zaɓo wanda za a ɗauka a gabansa. Mai tsabta, wanda ba zai tsorata ba, ba zai yi tari ba. Likita za ta kasance a ɗakin."

"Za ta karanta?"

"Ita ce za ta riƙe faranti. Ni dai na ce za ta kasance a ɗakin."

Na dubu goma na gaskiya an wuce shi tun ranar Litinin. Wani dattijo ne mai kumburin ciki, aka ga ba zai yi kyau a jarida ba.

Ranar Laraba aka yi gwaji. Yallaɓai Mai Tsara Zama, wani gajere mai waya biyu da ƙamshin turare, ya nuna wa Goggo yadda za ta shigo, yadda za ta kwanta, yadda za ta tashi zaune ta karɓi furanni. Ya ce gwana ce, kamar ta taɓa yi. Ba wanda ya gyara masa. Ya ba ta jimlar da za ta faɗa: tunda nake ban taɓa ganin irin wannan ba, mun gode. Ta maimaita sau uku ba kuskure. A hanyar gida na ce, "Goggo, me za ki yi gobe?" Ta ce, "Abin da aka koya min." Ban sake tambaya ba.

Alhamis aka wanke asibiti. Aka kwashe 'yan benci aka kai su bayan ɗakin wanki, aka jera tukwanen shuke-shuke a inda suke zama. Ni an bar ni ne a matsayin iyali masu farin ciki, aka ce in tsaya kusa da bango in riƙe takalmin Goggo. Ambulan ukun suna hammatata. Mai Girma ya iso da ƙarfe ɗaya maimakon goma, da 'yan jarida, da mutum ashirin da aikinsu shi ne su yi dariya in ya yi. A bayansu na hango wata siririyar mata mai tabarau da farar riga, riƙe da faranti, furanni a kai. Idanunta irin na wanda ya daɗe bai ga ƙarshen aikinsa ba. Ita ce.

Aka fitar da kowa bayan gilashi. Gado ya shiga, gado ya fito. Aka yi tafi. Goggo ta tashi zaune a bakin gadon. Mai Girma ya ɗauki furanni daga faranti, ya tako ya tsaya inda aka sa masa alama a ƙasa, ya miƙa hannu, ya juya fuska ga masu kyamara.

Alamar tana gefen hagunta.

Goggo tana kallon gabanta. Hannun Mai Girma yana miƙe. Murmushinsa ya fara gajiya. Mai Tsara Zama ya yi gyaran murya, ya sake yi, ya raɗa da ƙarfi, "Mama, karɓi!"

"In karɓi me?"

"Furanni! Ga Mai Girma nan!"

"Ina?" Ta juyo da kai a hankali har ta same shi da idon dama. "Au. Ranka ya daɗe, yi haƙuri. Wannan gefen ya mutu. Zagayo ta nan in gan ka."

Ba a taɓa ce wa Mai Girma ya zagayo ba. Amma kyamara tana kunne. Ya zagaya gadon, mutum ashirin suka zagaya a bayansa.

Goggo ta karɓi furannin ta ajiye a cinya. Ta ce, "Tunda nake ban taɓa ganin irin wannan ba, mun gode." Mai Tsara Zama ya saki numfashi. Ta ci gaba. "Sau huɗu ke nan ina shiga. Da na fara shiga da ido biyu na zo. Har yau ba wanda ya gaya min me ke cikin kaina. Ranka ya daɗe, kai ne babba. Ga shi can a allo. Me ka gani?"

Mai Girma ya dubi allon. A fuskarsa na gane irin kallon da ni ma nake yi in an ɗaga min fim.

Amma ba a banza mutum yake zama Mai Girma ba, wannan ma yabo ne. Cikin ƙiftawar ido ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"A zamaninmu, ba a jiran sakamako! Ina likita? A karanta shi yanzu, a gaban jama'a!"

Aka yi tafi. Likitar ta duba inda za ta ajiye faranti ba ta samu ba, ta miƙa wa Ranka-ya-daɗe Mai Kula da Alƙaluma, ya karɓa don ba shi da zaɓi. Ta zauna gaban allo. Na ratsa mutane na ajiye mata ambulan uku a kan teburi. Ta dubi kwanan watan kowanne, ta dube ni. Ta jera su. Ta auna, ta rubuta, ta koma ta sake aunawa. Mai Girma yana duba agogo yana murmushi. Da ta gama ba ta kalli kyamara ba. Ta taso ta zo gefen dama na Goggo ta sunkuya, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ni kaɗai na matsa.

"Mama, ƙari ne, a ƙasan ƙwaƙwalwa, yana danne jijiyoyin ido. Ga alama ba mugun iri ba ne, ana cire shi. Ya girma tsakanin na farko da na yau. Na hagu ba na jin zai dawo. Na dama za a iya ceto, in an yi a wannan watan."

"To rubuta haka, 'yata. Ki buga abin nan naku."

Hatimin yana aljihunta. Ashe kullum da shi take yawo, har ɗakin taro. Ta sa hannu, ta buga.

"Minti goma sha ɗaya!" in ji Mai Girma. Aka yi tafin da ya fi na farko.

Ana cikin fita, Mai Tsara Zama ya sha gabana. Fuskarsa a murtuke, amma ba wannan ne ya kawo shi ba. Ya ce a ba shi fim ɗin da takardar, za a sa su a gilashi a rataye a ofishin Mai Girma, don tarihi. Ya kama gefen ambulan. Na riƙe. Ya ja, na ja. Ina da digiri biyu, jama'a, na tsaya a barandar asibiti da takalmin tsohuwa a hannu ɗaya ina kokawar ambulan da ɗayan.

Goggo ce ta raba mu. Ta ce, "Ɗan yayana, ba shi na farko mana. Ya fi kyau. Abin bai girma ba a ciki."

Ya ɗaga shi saitin haske, ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya tafi da shi. Takardar kuma na ce masa sai an yi kwafi. Har yau ana yi.

Likitan tiyata ya zo bayan kwana tara. Sunanta yana jeri. An yi aikin, ta yi mako biyu a kwance tana yi wa nas-nas faɗa. Idon dama ya tsaya. Na hagu yana nan a buɗe, ba ya ganin komai. Ta koma kan keke. Zura zare a allura yana ɗaukarta lokaci, mai zare ce take zura mata, sun shirya.

Kada ku ce ba a ɗauki mataki ba. An ɗauka. An gane cewa likitar nan haziƙa ce, don haka an naɗa ta shugabar Kwamitin Ɗorewar Minti Goma Sha Ɗaya, mai zama duk Talata. Yanzu rana ɗaya take karatu a mako. Labarin ya bazu har ƙauyuka, masu zuwa hoto sun ninka, an ƙara benci biyu. Kar-a-motsa ya koma kalmominsa na da.

An kuma yanke shawarar rataya ƙaton ƙyalle a ƙofar asibiti, da manyan haruffa: SAKAMAKO CIKIN MINTI GOMA SHA ƊAYA. Wani mai basira a hawa na sama ya ce wa ya fi cancanta ya kalmashe gefensa in ba mai lamba dubu goma ba, don duniya ta ga ta warke. Aka kawo mata har shago, da mai kyamara. Na ce mata ta ƙi. Ta ce aiki ba ya shigo mata shago ya fita ba a yi shi ba. Ta shimfiɗa, ta taka keke, ta gama kafin la'asar.

Yana can a rataye. In kun wuce za ku ga gefen dama ya miƙe sumul, na hagu kuma ya ɗan karkace ya yi sama. Kada ku ga laifin tela.